Ba Jiragen Sama Hannu a Kano: Daga Maganar Matuƙi zuwa Tauraron Ɗan'adam

1. Ma'anar ba da hannu

Duk wanda ya san titin Zariya a cikin Kano, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har zuwa tashar Unguwa Uku, ya san abin da a ke kira ba da hannu. Ɗan sanda ko ɗan Karota ya kan tsaya a mararraba, ya tsai da waɗanda suka fito daga Tarauni, ya saki waɗanda suka nufi Zariya, in sun wuce ya juya ya saki na farkon. Aikin nan yana yiwuwa ne saboda abu biyu. Mai ba da hannu yana ganin motocin da idonsa, mota kuma tana iya tsayawa in an ce ta tsaya.

To, a sararin sama ma akwai masu ba da hannu, amma su abin nan biyu duka babu. Jirgi ba shi tsayawa a sama, mai ba shi hannu kuwa sau da yawa yana zaune cikin ɗaki a Kano alhali jirgin yana bisa Maiduguri. Babban jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 15 cikin minti ɗaya. In biyu suka fuskanci juna, kilomita 30 ke nan su ke cinyewa tsakaninsu kowane minti, kafin matuƙi ya hangi ɗan'uwansa ya karkata lokaci ya ƙure.

Saboda haka tun daga nesa a ke raba su. A kan raba su gaba da baya, ko gefe da gefe, ko kuwa sama da ƙasa, kamar yadda gadar Dangi ta raba motoci hawa uku, wasu ta ƙarƙashi, wasu ta tsakiya, wasu ta bisa. Ƙa'ida ita ce jirgin da ya nufi gabas ya ɗauki lissafin mara, wanda ya nufi yamma ya ɗauki na cika. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano za shi Jidda ya kan hau ƙafa 35,000 ko 37,000, in yana komowa kuwa ƙafa 36,000 ko 38,000.

Amma ba a iya raba abin da ba a san inda ya ke ba. Dukan aikin ya rataya ga tambaya ɗaya, watau ina jirgin ya ke a wannan lokaci? An bi hanya uku wajen amsa ta. Ta farko ji daga bakin matuƙi, ta biyu gani da na'ura daga ƙasa, ta uku kuwa labarin da jirgin da kansa ya ke bayarwa bisa lissafin tauraron ɗan'adam. Ta ukun nan ita a ke nufi in an ce sabunta aikin, kuma ba a gane amfaninta da haɗarinta sai an san biyun da suka gabace ta.

2. Zamanin ji

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano guda 3 ne na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka iso a watan Nuwamba na 1925. Ba wanda ya ba su hannu, don ba wani jirgi a sama sai su. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi a bakin teku, a biyo da su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira, dubbai suka bi ta nan. Bayan yaƙi Kano ta zama zangon jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka, kamar yadda ta kasance zangon ayarin raƙuma a da.

A 1944 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Chicago, wadda ta haifi hukumar ICAO mai zama a Montreal. Aka yanka sararin duniya yanki-yanki, kowane yanki da mai kula da shi. Yankin da ya rufe Nijeriya duka sunan Kano ya ke ɗauke da shi har yau, ko da ya ke cibiya biyu ke aikinsa, ɗaya a Kano ɗaya a Ikko. A arewa yana iyaka da yankin Yamai, a gabas da na Njamena, su kuwa suna hannun ASECNA, ƙungiyar da aka kafa a 1959 domin ƙasashen da Faransa ta mallaka.

A wancan zamani mai ba da hannu ba shi ganin kome. Matuƙi ne ya kan kira shi ta rediyo ya ce ya wuce wuri kaza da ƙarfe kaza, yana bisa ƙafa kaza, yana tsammanin isa wuri na gaba da ƙarfe kaza. Sai a rubuta a 'yar takarda, a jera ta tare da na sauran jirage, a yi lissafi da ka. Tun da ya ke maganar matuƙi ƙiyasi ce, tilas a bar rata mai yawa, minti 10 ko fiye tsakanin jirgi da jirgi, watau wajen kilomita 150.

Rediyon ma yana da nasa aibi. Mai tsabtar murya, wanda a ke kira VHF, a miƙe ya ke tafiya, ba shi bin doron ƙasa, saboda haka ba shi kaiwa nesa sai an kakkafa tashoshi. Mai kaiwa nesa kuwa, watau HF, cike ya ke da ƙara, ya kan ɗauke kuma in yanayin sama ya sāke. Wannan ya sa matuƙan da ke ƙetare Afirka suka saba sanar da junansu inda su ke a zango 126.9, kowa na tsaron kansa. Abin da a ke tsoro ya auku ran 13 ga Satumba 1997. Jirgin sojan Jamus da ya tashi daga Yamai za shi Windhoek ya yi karo da na sojan Amurka bisa teku kusa da Namibiya, dukansu a ƙafa 35,000, mutum 33 suka mutu. Na Jamus ɗin yana bisa hawan da ba nasa ba, labarin tahowarsa kuwa bai kai ga masu ba da hannu na Windhoek ba.

3. Zamanin gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji, na'urar rada kuwa ita ce ta kawo ganin. Iri biyu ce. Ta farko tana cilla igiyar rediyo sama, in ta bugi jikin jirgi ta komo kamar amsa-kuwwa. Da ya ke an san igiyar tana cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, lokacin da ta ɗauka zuwa da komowa shi ke nuna nisan jirgin. Wannan ba ta neman yardar jirgi, ko yana so ko ba shi so za ta gan shi, amma ba ta sanin ko wane ne. Ta biyu tambaya ta ke yi, wata na'ura a cikin jirgin ta amsa da lambarsa da hawan da ya ke. Ita ta fi kaiwa nesa, har wajen kilomita 450, amma in matuƙi ya kashe mai amsawar shi ke nan ta makance.

Hukumar NAMA, wadda dokar 1999 ta kafa domin kula da sararin saman Nijeriya, ita ta gudanar da shirin da a ke kira TRACON. An ba kamfanin Thales na Faransa kwangilarsa a 2003, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2010. Wuri 9 aka kafa na'urorin. A Kano da Ikko da Abuja da Fatakwal an sa iri biyun duka, a Talatar Mafara da Maiduguri da Numan da Ilori da Obubra kuwa mai tambaya kaɗai. Inda rada ke gani ana iya rage ratar jirage daga kilomita 150 zuwa kimanin 9. Har wa yau a 2008 ƙasashen Afirka suka rage ratar sama da ƙasa daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000 tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, don ma'aunin hawa na jirage ya inganta.

Amma rada tana da iyaka. Kanta juyawa ya ke yi, sai ya zagayo ya ke sāke ganin jirgi, bayan daƙiƙa 4 ko fiye. Ba ta ganin jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa daga nesa, don doron ƙasa ya kare shi. Ba a kafa ta a tsakiyar teku, a tsakiyar Tenere kuwa wa zai kai mata man janareta? Ga tsada, ga tsufa, ga kayan gyara da sai an sayo da kuɗin waje. Na'urar da aka ƙera a farkon shekarun 2000 ba ta zama har abada, saboda haka ko ba a so sai an yi shawarar abin da zai gaje ta.

4. Yadda tauraro ya ke nuna wuri

Taurarin GPS na Amurka suna zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, ba su kasa 24, an kuwa shirya su yadda ko'ina mutum ya ke wasu suna bisansa. Rasha tana da nata, GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou. Mutane da yawa suna zaton tauraron ne ke kallon jirgi. Ba haka ba ne. Kowane tauraro agogo ne mai tsananin daidai, abin da ya ke faɗa kullum shi ne ga ni a wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Na'urar da ke cikin jirgi ita ke sauraro, ta auna jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, ta san nisanta da tauraron. In ta sami 4 ta fid da wurin da ta ke da hawanta, ta kuma gyara agogonta. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300, daga nan za a gane irin daidan da a ke bukata.

Da jirgi ya san inda ya ke, sai ya riƙa shelanta shi, wajen sau 2 kowace daƙiƙa, tare da sunansa da hawansa da saurinsa. Wannan shi a ke kira ADS-B. Abin da ke karɓar shelar a ƙasa ɗan akwati ne da eriya, ba abin da ke juyawa a jikinsa, ba shi cin wuta da yawa, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na rada ba. Amurka ta wajabta shi a mafi yawan sararinta tun 1 ga Janairu 2020. Shelar a buɗe ta ke, ita ce ta sa dangin mahajjata ke iya bin jirginsu a wayar hannu ta manhajar Flightradar24 tun daga Madina har ya sauka.

Sauran hamada da teku, inda ba wurin ajiye akwatin. Ɓatan jirgin Air France bisa Atlantika a 2009, da na Malaysia a 2014, ya nuna wa duniya girman wannan giɓi. Maganin da aka samu shi ne ɗora akwatin bisa wasu taurari, na Iridium, su 66, masu zagayawa a nisan kilomita 780. Kamfanin Aireon ya fara wannan aiki a 2019, ASECNA kuwa ta shiga amfani da shi a 2020. Watau mai ba da hannu a Yamai yana iya ganin jirgin da ke bisa Bilma, abin da ba ya yiwuwa a da.

Amfani na biyu yana wajen zaɓen hanya da sauka. Da, jirgi daga wata tashar rediyo ya ke tafiya zuwa wata, ko da hanyar ta karkace. Yanzu ana iya zana masa hanya miƙaƙƙiya, ya rage lokaci da mai. Kano kuwa ta san wahalar sauka cikin hazon hunturu. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda aka karkato daga Ikko saboda yanayi, ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin iska da hazo, mutum 176 suka rasu. Na'urar da ke jagorar jirgi zuwa bakin titi cikin hazo, wadda a ke kira ILS, sai an kafa ta a kowane gefen titi da a ke so, a riƙa auna ta a kai a kai. Sauka da tauraro ba ta bukatar a kafa kome a filin, in dai an zana hanyar an gwada ta. Ga ƙananan filaye irin na Dutse da Birnin Kabi da Maraɗi da Damagaram wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai GPS shi kaɗai bai kai daidan da a ke so ba in jirgi zai sauko ƙasa ƙwarai ba tare da ya ga titi ba. A kan kafa tashoshi a wuraren da aka san matsayinsu sarai, su auna kuskuren, a aika da gyaran ta wani tauraro. Tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba a Disamba 2011, yana ɗauke da na'urar wannan aiki, ta cikinsa kuma ASECNA ta fara watsa saƙon gwaji a 2020, aka gwada sauka da shi a Lome a 2021.

5. Daga murya zuwa rubutu

Ba da hannu a sama magana ce, masu nazarin harshe kuwa suna da hannu a ciki tun farko. Jean-Paul Vinay na Jami'ar Montreal yana cikin waɗanda suka tsara sunayen baƙaƙen da a ke amfani da su tun 1956, aka zaɓi kalmomin da mai Ingilishi da mai Faransanci da mai Sifaniyanci duk za su iya furtawa. Lambar filin Kano, DNKN, a kan karanta ta Delta November Kilo November. An ma sāke lafazin wasu lambobi, 9 ta zama naina, don kada ta rikice da 5 cikin ƙarar rediyo. Duk umurnin da aka bayar kuma sai matuƙi ya maimaita shi, a ji ko ya ɗauka daidai.

Duk da haka harshe ya ci rayuka. A tsibirin Tenerife a 1977 jirage biyu suka yi karo bisa titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, rashin fahimtar magana kuwa yana cikin manyan dalilai. Bayan irin waɗannan ICAO ta ɗora wa matuƙa da masu ba da hannu jarrabawar Ingilishi mai mataki 6, ba a yarda da wanda ya kasa na 4.

Sabuwar hanya ita ce a aika da umurni a rubuce, daga kwamfutar mai ba da hannu zuwa allon matuƙi, ya karanta ya danna alamar yarda. Ana kiranta CPDLC, an kuwa fara ta a cibiyoyin Kano da Ikko a 2015. Rubutu ba shi da lafazin ƙabila, ƙarar HF ba ta cinye shi, kuma yana nan ajiye in an zo bincike. Amma an yi hasarar wani abu. A rediyo kowane matuƙi yana jin abin da a ke gaya wa 'yan'uwansa, ya san wanda ke kusa da shi, wani lokaci ma shi ke gano kuskure. Rubutu kuwa tsakanin mutum biyu ne kaɗai. Ga shi kuma ya fi magana jinkiri, saboda haka wajen tashi da sauka har yanzu murya a ke amfani da ita.

6. Inda haɗarin ya ke

In an duba da kyau za a ga hanya ta ukun nan, duk da sabuntarta, 'yar'uwar ta farko ce. Rada mai amsa-kuwwa gani ta ke yi, ADS-B kuwa ji ne, abin da jirgi ya faɗa shi mai ba da hannu ya sani. Bambancin kawai shi ne mai faɗin yanzu na'ura ce, ta fi matuƙi daidai, ta fi shi yawan faɗa. In an ruɗe ta, za ta faɗi abin da ba shi ne ba tana mai sakankancewa.

Ruɗin kuwa yana yiwuwa ta fuska uku. Na ɗaya, saƙon tauraro kafin ya iso ƙasa ya raunana ƙwarai, ƙaramar na'ura tana iya danne shi ko ta aika da na ƙarya. Tun daga 2022 jiragen fasinja ke yawan gamuwa da wannan a kewayen Bahar Aswad da tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya, jiragen alhazai kuwa ba su da nisa da can. Na biyu, Nijeriya da kudancin Nijar suna ƙarƙashin sashen sama da ke kusa da tsakiyar maganaɗison duniya, inda iskar can bisa mai ɗauke da lantarki ta kan hargitse bayan faɗuwar rana, ta sa saƙon tauraro ya yi rawa ko ya ɗauke. Gyaran da aka tsara domin Turai ba shi isa nan sai an sāke auna shi. Na uku, jirgin da bai ga dama ba ba shi shela. Mai fasa-ƙwauri ko mai safarar makamai ba zai sanar da kansa ba, shi sai rada ta farko ke ganinsa.

Saboda haka ƙasashen da suka yi nisa ba su rushe radarsu ba, ba su kuma tumɓuke dukan tashoshin rediyo na ƙasa ba. Sun rage su, sun bar abin da zai isa a komar da jirage gida in tauraro ya ɗauke. Shawarar da ke gaban Nijeriya ita ce nawa za a bari na tsohon, a ina, kuma wa zai riƙe shi da rai. Nan ne aikin makarantu ya shigo, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, da takwararta ta ASECNA a Yamai. Wanda ya tashi da allo kaɗai, ran da allon ya mutu sai ya koma ga 'yan takardu da lissafin ka, in kuwa ba a koya masa ba, jirage 10 ko 20 da ke hannunsa ba su jira.

7. Kalmomin koyarwa

Malamin da zai bayyana wannan ga ɗalibai da Hausa zai gamu da wasu kalmomi da ke bukatar lura. Tauraron ɗan'adam ta zauna daram, ba mai neman wata. Hasumiya ma ta karɓu, an aro ta daga irin ta Gobarau a Katsina, amma tana sa mutane su zaci dukan aikin a cikinta a ke yi. Ofis uku ne. Na hasumiya yana kula da titi da abin da ido ke gani, na biyu yana jera masu tahowa da masu tashi a kewayen gari, na uku kuwa, cibiyar yanki, yana kula da masu wucewa can bisa, waɗanda yawancinsu ba su sauka Kano ko kaɗan.

Rada tana bukatar a kiyaye rubutunta, don in aka sa wa dalin ƙugiya ta zama raɗa, ma'ana ta sāke. Mai ba da hannu kuwa ta fi mai kula da zirga-zirgar jiragen sama gajarta, yaro ma ya san ta daga titi, sai dai a tuna masa da bambancin nan biyu da aka ambata tun farko. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fi'ilin da a ke zaɓa. In aka ce tauraro yana ganin jirgi, ɗalibi ya ɗauki kuskure, zai kuma zaci ba abin da ke ɓuya. In aka ce tauraro yana faɗin lokaci, jirgi yana lissafin wurinsa yana shela, ƙasa tana sauraro, to ya riƙe yadda abin ya ke, zai kuma gane da kansa dalilin da ya sa har yanzu a ke bukatar na'urar da ke juyawa a filin jirgin saman Malam Aminu Kano.